Tsinken da Ya Ƙi Shiga Wuta

A can wani zamani, wata yarinya ta rasa mahaifiyarta, ta koma wurin kakarta. Ran nan za ta cusa wani tsinke a murhu, sai tsinken ya miƙa ƙafafu. Ta yar da shi, ya sandare. Ta ɗauka, ya motsa.

"Kaka, itace ne ko ƙwaro? Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ƙwaro ne, ja'ira. In ya tsorata sai ya yi mutuwar ƙarya. Hura wutar mana!"

"To Inna fa? Ko ita ma tsorata ta yi?"

Kaka ta jawo ta jikinta, ta ce, "A'a, ta Inna ba ta ƙarya ba ce."

Yarinya ta ajiye ƙwaron a kan ganye. Tun daga ranar, kowane tsinke sai ta ɗan jira shi kafin ta sa a wuta.