Dokar da Na Rubuta a Zaure

"Malam Harisu, dakata nan!"

Na tsaya a bakin zauren gidana na haya, katifa a naɗe a bayan babur, buta a hannu. Barakatu ce ta tare ƙofa, ta riƙe tsintsiya kamar mai gadin banki.

"Ruwan jiya ya kayar da ɗakina a can gida," na ce, "ɗayan ma ya tsage. Ɗakin ƙurya babu kowa, zan fake kafin a gyara."

"Allah ya kiyaye gaba. Amma ɗaga kai ka karanta."

Ba sai na ɗaga ba. Ni na rubuta da hannuna, da jan fenti, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, bayan na sayar da gonar gadona ta garin Babban Mutum na gina ɗakuna shida a bayan Kusugu: BA A BA GWAURO HAYA. Malaman makaranta nawa na kora da wannan rubutu! Har wa'azi nake haɗa musu da shi kyauta. Ban taɓa kawowa a raina cewa matata Shatu za ta riga ni tafiya ba. Yau shekara uku.

"Barakatu, gidana ne fa."

"Gidanka ne, dokarka ce kuma. Matan aure huɗu ne a ciki, mazansu na kasuwa. Me zan ce musu?"

"Ki ce mai gidan ne."

"Mai gidan yana da mata?"

Sai ga dariya daga tsakar gida. Na juya babur da sauran mutuncina.

Barakatu tela ce, mijinta ya rasu, shekararta takwas a ɗaki na biyu. Ni na ɗora ta a kan rabon shara da makullin famfo, don ba ta kallon fuskar kowa. Ranar na gane har da tawa.

Gaskiya kuma, ni ba mai gida ba ne mai son gyara. Amma ƙofarta, sau uku na gyara ta a wata guda, alhali lafiyarta ƙalau. A na ukun ta ce, "Malam, in ka ƙara ɗaure wannan kusar, ƙofar za ta daina buɗuwa."

Abin da ya ɗaure mini baki shi ne Fadila, 'yata tilo, mai sunan mahaifiyata. Duk Juma'a takan zo daga gidan mijinta ta share ɗakin uwarta, ta goge kwanuka, ta fito ido jawur. Ta yaya zan dubi wannan yarinya in ce wata ta shiga raina?

Wurinta na nufa. A zaure na tsaya, don ko ruwa zai tafi da ni ba zan kwana gidan suruki ba. Ta kawo fura, ta durƙusa, na zayyana mata komai. Ina jiran tausayi, sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Uwata, dariya kike yi?"

"Yi haƙuri, Baba... da tsintsiya?"

"Da tsintsiya!"

Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Baba, ka tuna wa ya sa ka ba ta ɗakin nan?"

Na tuna. Ni na ƙi, na ce mace ba miji sai rigima. Shatu ce ta hana ni sakat kwana uku, har na miƙa makulli.

"Da Inna take jinya, ita ke wankinta, ita ke dama mata kunu. Kayan aurena ita ta ɗinka." Ta dube ni. "Kukan da nake yi ran Juma'a, Baba, rabi na Inna ne. Rabin na ganin kwanon abincinka ne, yadda aka kawo haka yake."

Na sunkuyar da kai cikin ƙwaryar fura, na daɗe ban ɗago ba.

"Duk Daura an san maganar ƙofar nan," ta ce. "Kai kaɗai kake zaton gyara kake yi."

Sati biyar na yi a shagon abokina Sama'ila, tsakanin buhunan gero. Washegarin zuwana wurin Fadila kuwa na koma zauren gidan hayar, ba katifa, na yi sallama. Barakatu ta fito.

"Ƙofar lafiyarta lau, Malam."

"Na sani. Ni ne ba lafiya... Barakatu, sanyin idona, in na cika sharaɗin dokar nan, za ki bar ni in shiga?"

Ta dubi ƙasa, ta ja mayafi. "Yayana yana Babban Mutum. Ka san hanya."

Ranar tarewa, daga ɗaki na biyu zuwa na ƙurya taku goma ne. Matan gidan suka ce atafau amarya ba ta tarewa da ƙafa. Aka sa ta a mota, aka zagaya gari da guɗa, aka dawo da ita inda aka ɗauke ta.

Bayan kwana bakwai na fito da farin fenti zan shafe rubutun. Ta riƙe mini hannun riga.

"Bar shi, rabin raina. Da ba don shi ba, da har yau kana ɗaure kusa."

Na mayar da murfin gwangwanin.