Sirrin Kwandon Fatur

A unguwar Kalakla, kudu da Khartum, akwai wata makarantar 'yan mata. Can Sauda take aji huɗu. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma wayyo kishi! Ko kyanwa mahaifiyarta ta shafa, sai Sauda ta kumbura baki.

Malamai da iyayen unguwar suna da wani tsari mai kyau. Kowane gida yana aika abin da ya samu, wake ko mai ko burodi. Uwaye su dafa bi da bi. Ƙarfe goma a kawo kwandon fatur, wato karin kumallo, kowa ta ɗauki burodi da wake iri ɗaya. Gidan da ba shi da hali ba ya aika komai. Doka ɗaya ce: ba a faɗa wa yara wane gida ne bai kawo ba.

Mahaifiyar Sauda ce shugabar uwayen.

A ajin akwai wata yarinya, Hadil. An kwantar da mahaifiyarta a asibiti a Omdurman, babanta kuma yana kamun kifi a Jabal Awliya. Don haka bayan an tashi, gidan su Sauda take zuwa.

Nan fa abin ya fara cin Sauda. Inna ta yi wa Hadil kitso kafin nata. Inna ta ba Hadil tsohuwar jakarta.

"Inna, wai ni ce 'yarki ko ita?"

"Ke ce, mai baƙin kishi," in ji Inna tana dariya. "Miƙo min mataji."

Sauda ba ta yi dariya ba. Rannan kuma ta ji Inna tana gaya wa wata uwa a hankali cewa gidan su Hadil ba su aiko komai ba tun watan jiya. Ta riƙe maganar a ranta.

Washegari Inna ce ta kawo kwandon. Da Hadil ta zo ɗauka, Inna ta shafa kanta ta ce, "Ci da kyau, 'yata."

'Yata! Sauda ta ji zuciyarta ta yi zafi. Inna na fita ta ɗaga murya.

"Ki ci a hankali, Hadil. Gidanku ko ƙwayar wake ba sa kawowa!"

Hadil ta mayar da burodin cikin kwando, ta koma wurin zamanta.

Kwana na biyu Hadil ba ta ci ba. Ba ita kaɗai ba, wasu yara huɗu ma suka ƙi zuwa kusa da kwandon, don tsoron kada a tona su. Kwana na uku jiri ya ɗebi Hadil a gaban allo, ta faɗi.

Malamarsu, Ustaza Su'ad, ta aika aka kira Inna, ta gaya mata abin da Sauda ta faɗa.

"Hajiya, shekara uku muna gina wannan abu da ku," in ji Ustaza. "Yau yara biyar sun gwammace yunwa."

A hanyar gida Inna ba ta yi faɗa ba. Sai da suka shiga gida ta ce, "Zauna. Kin tuna lokacin da babanki ya karye a ƙafa, kina aji biyu?"

"Na tuna."

"Wata biyar ba mu aika komai ba. Kin taɓa rasa fatur?"

Sauda ta girgiza kai.

"Mahaifiyar Hadil ce take aika kashi biyu, nata da namu. Hadil ce ma take ɗauko waken. Ta taɓa gaya miki?"

Sauda ta fashe da kuka. Kunya ta rufe ta.

Da safe, da aka kawo kwandon, ta nemi izini ta tsaya gaban aji.

"Ni ma na ci wata biyar a kwandon nan, gidanmu ba su kawo komai ba. Waken gidan su Hadil na ci. Kishi ne ya sa na faɗi abin da na faɗa. Hadil, ki yafe min."

Ta ɗauki burodi ɗaya ta raba biyu, ta miƙa mata. Hadil ta kalle ta. Sannan ta karɓa.

"Ma'alesh, ba komai, ya wuce," in ji ta. "Amma rabinki ya fi girma."

Ajin ya kwashe da dariya. Ɗaya bayan ɗaya, yaran nan huɗu suka taso suka ɗauki nasu.

Ustaza Su'ad ta ce, "Ku riƙe wannan, 'ya'yana. Kada kishi ya sa ku kunyata wanda ake taimaka wa. Kowa a cikinmu yana da ranar da zai buƙaci taimako."

A ranar ko ɓarɓashi bai rage a kwandon ba.