Zuƙar Farko

A garin Goya kowa ya riga ya yanke hukunci: wai ma'aikatan ɗakin gwaji aka ba cin hanci suka ɓata samfurin yawun wani babban mai gona, Don Fulgencio Rolón. Mutane na son irin wannan labari, don ba ya wahalar da ƙwaƙwalwa. Sufeto Cirila Ortellado dai ta ce sai ta gani.

An tsinci gawar Zunilda, mai yi wa Rolón wanki, a bakin kogi, da fatar mutum a ƙarƙashin faratanta. Rolón ya ƙi ba da yawunsa a gwada ko fatar tasa ce, alƙali kuma ya ce babu hujjar tilasta masa. Abin da doka ta yarda a ɗauka kawai shi ne abin da mutum ya bari da kansa. Sai aka tura Saje Duré gonarsa da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha da bututu a ƙasar, da sabon bututun zuƙa da zai riƙe yawun. Rolón ya sha. Sakamako ya fito: yawun mutum biyu ne a cakuɗe, kotu ba za ta karɓa ba.

Sufeto ta fara da likitar gwajin.

"A rufe ya zo mini, da hatiminku," in ji likitar. "Ki leƙa gidanku tukuna, 'yar'uwa."

Ta kira Duré.

"Bakinka ya taɓa bututun nan?"

"Haba, ranki ya daɗe! Ni yaro ne?"

"Wa ya haɗa shayin?"

"Ni."

"Ka miƙa wa Rolón zuƙar farko, mai ɗaci da ƙurar ganye? Shi da girman kan nan nasa ya karɓa, bai watsa maka a fuska ba?"

Duré ya sunkuyar da kai. Ko ɗan goye a ƙasar ya san mai haɗawa ne ke shanye ɗacin farko kafin ya miƙa wa wani.

"Wallahi hannuna ne ya kai baki kafin in tuna. Sai a mota abin ya faɗo mini. Na ji tsoro, na rubuta ban sha ba."

Ta karɓi bindigarsa, kurata biyu suka fita da shi.

Tun da ba a tuhumi Rolón ba, lauyansa ya sa kotu ta ba da umarni a lalata samfurin. Yanzu ba ya shan komai daga hannun kowa.

Babu wanda ya ci hanci. Saje ne ya sha kafin Rolón, kuma ba a kama wanda ya kashe Zunilda ba.