Yatsun Aro

Attahiru ya faɗa da bakinsa cewa shekara huɗu ke nan bai je kabarin ƙanensa Kamilu ba. Ba nisa ne ya hana shi ba.

A shekarar korona, da aka rufe kasuwanni albasa ta ruɓe a rumfuna, gwamnati ta aiko wa manoma tallafi. Attahiru ne magatakardan ƙungiyar manoman albasa a Danchadi, shi ke rubuta sunaye. Wanda bai iya sa hannu ba sai ya dangwala babban yatsa. Ya lura ba a goge sunayen matattu daga takarda ba, sai zuciyarsa ta fara yi masa raɗa. Tsoron masu tantancewa ya kai shi wurin boka Ɗanmalam, a bayan Kajiji.

Da tsakar rana ya isa. Bukkar na gindin busasshiyar tsamiya, ciki akwai tukunya a kife, ƙahon baƙin bunsuru, da ƙoƙon tawadar da ke warin jini. Ko ƙuda ba ya shiga.

"Matattu nawa kaka so su tashi su amshi kuɗi?" in ji boka.

"Bakwai, ranka shi daɗe."

"Da tawadag ga ba mai ganin ƙaryarka. Amma mamaci ba shi da yatsa. Sai ka ara mai na gidanka."

"Aro na kawai?"

"Aro na. Sai dai ba kai ka faɗin ranar maidowa ba."

Ya karɓa. Ya ce wa iyalinsa ƙa'idar gwamnati ce, kowa ya dangwala a gaban sunan da ya nuna masa. Nasa yatsan kaɗai ya ɓoye.

Kuɗi suka shigo, kuma duk abin da suka taɓa sai ya ninka. Ya sayi injin ban-ruwa uku, da shanu, da motar haya.

Kamilu ne ya dangwala wa Mode, wanda rijiyar fadama ta ci shekara biyu kafin nan. A cikin wannan rijiya aka tsamo Kamilu. Matar Attahiru, Madina, ta kamu da irin tarin da ya kashe matar da ta ara wa yatsa, ba ta ga kaka ba. Haka aka bi gidan ɗaya bayan ɗaya, dukiya ta ƙare a neman magani, bukkar boka kuwa da ya koma ya tarar da ita toka.

Saura 'yarsa Ramla, mai shekara goma sha bakwai, wadda ta dangwala wa marigayiya Ummukulthum, tsohuwar da ta bar jikoki marayu. Wata safiya Ramla ta tashi a ranƙwafe, ta daina amsa sunanta. Kullum takan dube shi da idon tsufa ta ce, "Kai yaro, ina rabon jikokina?"

Jama'a, ku ji tsoron Allah. Abin da aka aiko domin mai jin yunwa wuta ne a hannun wanda ya ƙoshi, kuma ba shi take fara ci ba.

Bana gonarsa ta ba da buhu biyu na gero. Ya ɗora ɗaya a kan jakin aro, ya kai ƙofar marayun, ya faɗa musu gaskiya yana kallon ƙasa. Da ya dawo ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Na kai musu. Ramla, kin ji ni?"



"Allah shi yi ma albarka, yaro," ta ce. "Ɗan wa kake?"