Muryar da Ke Cikin Tsohon Kaset

"Sauke ta! Na ce ki sauke mini 'yata!"

Shamsiyya ba ta ankara ba sai ta ji an fizge yarinyar daga hannunta. Laifinta kawai ta ga 'yar maƙwabta ta faɗi a bakin famfo, ta ɗaga ta tana kakkaɓe mata ƙasa. Uwar ta rungume 'yarta tana tofa mata addu'a, ta dubi Shamsiyya ta ce, "Wanda kika kashe bai ishe ki ba?" Cikin matan da ke layin ɗiban ruwa babu wadda ta ce a bari. Shamsiyya ta ɗora bokitinta a ka, hawaye na gangarowa suna haɗuwa da ruwan da ke zubo mata a fuska...

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana jifan ta da wannan magana a unguwarsu cikin garin Haɗeja. Marainiya ce, uwa da uba duk sun rasu tana 'yar shekara shida, ƙanen mahaifinta Malam Haladu ya ɗauko ta ya damƙa wa matarsa Hajo. Tana da shekara tara aka tafi bikin wani ɗan'uwa a wani ƙauyen bakin fadama wajen Baturiya, tana goye da Abba, ɗan Hajo ɗaya tilo mai shekara biyu. Kafin la'asar aka nemi Abba aka rasa. Masunta ne suka tsamo shi daga ruwa, rai ya riga ya yi halinsa. Hajo ta faɗi tana birgima, tana rantsuwa cewa Shamsiyya ce ta kwance shi ta ajiye a gaɓa ta tafi wasa. Yarinya ta yi ta ihu tana cewa, "Wallahi Baffa, Inna ce ta karɓe shi daga bayana!" Wa zai saurari marainiya a gaban uwar da ta rasa ɗa? Ranar baffanta ya yi mata dukan da ta kwana uku ba ta miƙe ba.

Daga nan duniya ta juya mata baya. Aka cire ta daga makaranta, daka da wanki da surfe duk suka koma kanta. Hajo ba ta sake haihuwa ba, kuma duk haushin haka a kan Shamsiyya take hucewa. Malam Haladu bai ƙara kiran sunanta ba, in ta gaishe shi sai ya ɗaga hannu ya kau da kai. Da ta girma wani saurayi mai suna Haris ya fito neman aurenta, Hajo ta saka mayafi ta je har gidansu ta zauna da uwarsa, tun daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, yawan faɗa ya sa ita kanta ta fara shakka: anya ba ita ce ta ajiye shi ba? In ta yi sujada sai ta ce, "Ya Allah, Kai kana wurin ranar nan... in ni ce Ka yafe mini, in ba ni ba ce Ka wanke ni ko bayan raina ne!"

A daminar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gidansu har gwiwa. Da ya janye, wata safiya Hajo ta tafi barka, ta bar Shamsiyya da shanya kaya. A can ƙasan akwatin ƙarfen Hajo, Shamsiyya ta ci karo da wani ƙulli, leda cikin leda, ta buɗe sai ga ɗan ƙaramin kaset. Malam Haladu na zaune a inuwa, ciwon suga ya cinye masa ido, sai dishi-dishi yake gani. Ya ji motsin leda ya ce, "Mene ne wannan?" Ta karanta masa rubutun da ke jiki, sunan ango ne da ranar bikin nan. Tsohon ya miƙe zumbur! Kaset ɗin da abokinsa ya ɗauka da kyamara ne, wanda Hajo ta ce ya ɓace tun a hanyar dawowa, ga shi ba su da hoton Abba ko ɗaya.

"Riƙe mini hannu," ya ce. "Ki kai ni inda za a buɗe shi. Ina son in ga fuskar ɗana kafin idon nan ya ƙarasa rufewa."

Ta ja shi har shagon Usaini da ke bayan kasuwa, mutumin da sana'arsa ke nan, juye tsofaffin kaset cikin kwamfuta ya buga su a faifai. Usaini ya ɗaga murfin kaset ɗin ya duba a haske ya girgiza kai. "Baba, danshi ya shige shi, ga fumfuna nan ta yi fari a zaren. Zan goge a hankali, amma sau ɗaya zai jure wa juyawa. Kwamfuta kuma ba ta sauri, yadda yake tafiya haka take ɗauka. In ya tsinke a hanya, iyakar abin da muka samu ke nan." Ya daɗe yana bin zaren da auduga, sannan ya saka shi cikin wata tsohuwar kyamara, ya jona waya zuwa kwamfuta, ya yi bismilla ya danna.

Allon ya yi ta rawa, layuka na tsaga shi, can sai ga kiɗa, ga mata cikin ado, ga ruwan fadama na sheƙi a bayansu. Shamsiyya ta matso kusa da allon. Tsoro take ji... in fa aka gan ta tana ajiye shi? Ta damƙe bakin hijabinta tana jan hasbunallahu.

Ana cikin haka aka bankaɗa labulen shagon. Hajo ce, mayafi a karkace, tana haki; ashe ta dawo ta tarar da akwati a buɗe, maƙwabta suka faɗa mata inda suka nufa. "Ɓarauniya! Akwatina kika fasa? Malam, a ba ni kayana yanzun nan!"

"Kin ce ya ɓace, Hajo," in ji Malam Haladu, bai ko juyo ba.

"Mantawa na yi! Malam, don girman Allah kada ka tayar mini da mikin da ya kwanta. Kai mai shago, kashe abin nan!"

Usaini ya tare gaban teburin ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, in na tsayar yanzu ya lalace."

Bai rufe baki ba sai wata murya ta fito daga lasifika, tar da ita, domin mai kyamarar a kusa yake tsaye: "Ke Shamsiyya, kawo shi nan! Wuce ki wanke kwanukan can." A gefen allon ga 'yar siririyar yarinya ta durƙusa, ga Hajo tana kwance mata goyo. Yarinyar ta ɗauki kwanuka ta nufi cikin gari. Kiɗa ya canja, mata suka ɗauki guɗa suna kiran Hajo. Ta dire Abba a gindin wata bishiya daf da gaɓa, ta shige fili tana juyi... Yaron ya miƙe, yana 'yar dariya, ya bi wasu agwagi da suka nufi ruwa. Kyamara ta juya wajen amarya.

Hajo ta kurma ihu ta ture Usaini, ta fizgo kyamarar ta maka da ƙasa, ta zaro zaren tana tsinkawa da haƙora. Mutanen kasuwa suka cika ƙofar shagon. Usaini ya miƙe yana dafe da gwiwa ya ce, "Kin makara, Hajiya. Wurin nan ya riga ya shiga kwamfuta."

"Mayar mini da shi," in ji Malam Haladu. Ya kai fuskarsa daf da allon har hancinsa na taɓawa. Sau uku ana mayarwa. A na ukun ya zame daga kan benci, ya laluba ya kama ƙafafun Shamsiyya yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Shamsiyya! 'Yar yayana! Kin faɗa mini gaskiya na dake ki... Amanar ɗan'uwana na ci! Me zan ce masa gobe ƙiyama?"

Ita ma ta durƙushe, kuka ya ci ƙarfinta. "Tashi Baffa, don Allah ka tashi, na yafe maka. Ashe ba ni ba ce... Alhamdulillahi, ashe ba ni ba ce!"

Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce wa Hajo, "Ke kuwa da kin san abin da ke ciki, me ya hana ki ƙone shi?" Hajo na zaune a ƙasa, zare naɗe a yatsunta, ta ce, "Na sha ɗauko ashana... amma fuskar ɗana na ciki."

Nan take Malam Haladu ya saki Hajo. Ya sa Usaini ya buga faifai goma aka raba wa dangi har ƙauyen da abin ya faru, ranar Juma'a kuma ya sa aka tsayar da shi a ƙofar masallaci ya wanke Shamsiyya da bakinsa. Hajo ta koma gidan yayanta a Kafin Hausa, labari ya riga ta isa, aka ware mata ɗaki a bayan gida, ko gaisuwarta ba a amsawa. Shamsiyya kuwa baffanta ya mallaka mata gonar shinkafarsa ta fadama a gaban shaidu, kuma kafin shekara ta zagayo wani malamin asibiti mai suna Abdulmannan ya aure ta, aka yi taron da unguwar ta daɗe ba ta ga irinsa ba.

Ana saura kwana biyu a kai ta ɗakin mijinta, ta koma shagon Usaini ta roƙe shi ya yanko mata wuri ɗaya kawai, inda Abba ke bayanta yana tafi yana dariya kafin komai ya faru. Ya buga mata a faifai guda. Ta naɗe shi a sabon ɗankwali, ta kai tasha ta ba direban Kafin Hausa, ta ce ya kai wa Hajo.

"In ce daga wa?" direban ya tambaya.

Ta share hawayenta ta ce, "Kada ka ce daga kowa. Ka ce mata ga ɗanta nan."