Littafi Huɗu a Wata

"Kika ce ƙarshensa har kuka ya sa ki?" in ji 'Yar Gwaggo, 'yar'uwar saurayin Auta.

Auta ta gyaɗa kai, tana murmushin da ta wuni tana gwadawa a gaban madubi.

"Sosai ma. Sai da na jiƙa gefen mayafina."

'Yar Gwaggo ta juya littafin a hannunta, ta buɗe wajen ƙarshe, ta ɗaga shi sama yadda kowa a falon Anti Malama zai gani.

"To ta ina kika leƙa, 'yar'uwa? Ga shafukan nan a haɗe ta sama, ko yanka su ba a yi ba!"



Auta ta ji zufa ta keto mata tun daga tsakiyar kai. Dogo, saurayinta, a maɗaba'a yake aiki. Littattafan da wuƙar inji ta tsallake gefensu ba sa sayuwa, sai a bar wa ma'aikata. Irinsu yake kawo mata. Wannan ya manta bai raba shafukan ƙarshensa ba, ita kuwa ko kusa da wurin ba ta kai ba, balle ta lura.

Anti Malama, yayar Dogo da ta raine shi, ta sauke tabarau ta dube ta. Maganar aurensu a hannunta take. Dama tun farko ta ce yarinyar gidan burodi da ba ta gama sakandare ba ba sa'arsa ba ce, ga 'yar gwaggonsu nan da digirinta.

"Wannan ce mai littafi huɗu a wata?" ta tambayi ƙanenta.

Dogo ya sunkuyar da kai.

Auta ba ta san yadda ta kai bakin titi ba. Ko sallama ba ta yi ba.

Abin haushin shi ne, da gaske ta fara. Ta gaji da zama kamar kujera idan Dogo da abokansa suna hirar ƙasashe da tarihi. Ta yanke wa kanta littafi huɗu kowane wata, har ta sanar da duniya a waya. Sai dai Auta da yatsa take karatu, leɓe na motsi, kafin ta gama shafi ɗaya farantin burodi ya gasu. Watan farko ya ƙare ko ɗaya ba ta gama ba. Kunya ta hana ta faɗa. Sai ta koma karanta bayan littafi, ta mayar masa tana cewa, "Kai, ya yi daɗi!" Shi kuma bawan Allah ya dinga yawo da labarinta.

Washegari da rana tana jera burodi a kan kantar shago, inuwar Dogo ta rufe ƙofa.

"Auta..."

"Burodi nawa za a ba ka?"

"Haba, zuciyata. Dube ni mana."

Ta ƙi ɗagowa. Hawaye ya ɗiga a kan leda.

"Na kunyata ka, Dogona. A gaban Anti... a gaban waccan!"

"Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba," ya ce a hankali. "Me ya hana ki gaya mini?"

"In ce me? In ce littafin da kake gamawa a zama biyu ni wata guda bai ishe ni ba?"

"Da kin faɗa, da na rage surutu. Ni ma da laifina, na mai da ke abin nunawa."

"Anti fa?"

Ya shafa ƙeya.

"Ta ce a bar maganar. Ta ce rashin karatu da sauƙi, ƙarya ce ba za ta shigo da ita gidansu ba. Amma zan lallashe ta."

"A'a." Ta share fuska da bayan hannu. "Bakina ne ya yi ƙaryar. Karɓo mini littafin."

Ranar hutunta ta ɗauki littafin ta je gidan Anti. Sau biyu tana kaiwa ƙofar tana juyawa, kafin ta daure ta yi sallama. Anti Malama na zaune tana duba takardun ɗalibai. Ba ta ce mata zauna ba.

Auta ta durƙusa gefen kujera.

"Anti, ki yi haƙuri. Ƙarya na yi. Ban taɓa gama ko ɗaya ba. Karatuna ne ba ya sauri."

"Shi ya turo ki?"

"Wallahi bai san yau zan zo ba."

Anti ta ci gaba da jan biro.

"A wannan ɗin, ina kika tsaya?"

"Inda matuƙin nan ya sayar da gidan mahaifiyarsa ya sayi jirgin ruwa." Sai abin ya ci ta. "Ni fa, Anti, mutumin nan haushi yake ba ni. Tsohuwa tana roƙonsa, shi yana zancen teku!"

Biron ya tsaya.

"Ai don ya fitar da su daga talauci ne."

"Ya tambaye ta? Ita ta ce masa talaucin ya dame ta? Wajen zamanta take so, da maƙwabtanta."

"Ke, ba ki fahimce shi ba!"

"Sau uku na karanta wurin, Anti. Ko waiwayowa bai yi ba da tana kiransa."

Sai da maganar ta fita Auta ta tuna da wa take musu. Ta toshe baki.

 Anti Malama ta ture takardun gefe, ta buga kujerar da ke kusa da ita.

"Hau nan. Karanta mini daga inda kika tsaya."

Ai gara a ce mata ta ɗauki buhun fulawa! Ta buɗe littafin, ta ɓoye yatsanta a ƙarƙashin mayafi. Ta yi tuntuɓe a layin farko, ta sake yi a na biyu.

"Fito da yatsan," in ji Anti. "Wa ya ce miki laifi ne? Kuma daga yau littafi ɗaya a wata. Ki zo ki ba ni labarinsa da bakinki."

Auta ta ɗora yatsa, ta ci gaba, kalma bayan kalma, kunyar na sauka a hankali.

Suna tsakiyar shafi aka yi sallama. Dogo ne. Ya yi turus a bakin ƙofa, baki buɗe.

Anti ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai, je ka zaga ka dawo. Ba ka ga matarka na karatu ba?"