Ɗakin da Ta Buga Bulonsa

Dab da magariba Mai Wanki ta shigo sabon gidan da tabarma a hammata. Wata bakwai ta yi tana kwana ƙarƙashin gada tun da fari ya koro ta daga ƙauye. Wata injiniya ce ta zana gidan domin irinta: kowa ya buga bulon ɗakinsa da hannunsa, ya zauna da 'yan birni a tsakar gida ɗaya. Sharaɗin guda ne. Wanda bai kwana ɗakinsa ranar farko ba, a ba na bayansa.

Ɗakin yana warin ɗanyen siminti. Babu kowa ciki, amma sabo turken wawa, sai ta yi sallama kamar yadda ta saba a gida.

Aka amsa.

Daga kusurwa muryar ta fito, a shaƙe, kamar ana magana cikin tulu. Hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin.

"Baƙuwa," in ji muryar. "Filin nan namu ne tun yana juji. Koma inda kika fito."

Ƙofa ta rufe kanta. Mai Wanki ta ji tsoro ƙwarai. Amma ta tuna gada da damina.

"Da hannuna na buga bulon nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kai guda nawa ka buga?"

Wani abu mai sanyi ya damƙe idon sawunta.

Ya ja.

Ta faɗi, ta rarrafa, ta cafki taga. Injiniyar ta yi tagogin da faɗi, suna kallon tsakar gida, don maƙwabta su riƙa gaisawa. Ta ƙwalla ihu. Maƙwabtanta, wani tela da matarsa, 'yan birnin da ko kallo ba ta ishe su ba, suka fizgo ta waje da ƙyar.

"Yaya, kwana wurinmu," in ji matar telan. "Ɗaki bai kai rai ba."

"In kwana waje, gobe a ba wani? Ara mini fitila."

 Sai matar ta ɗauko fitilar, ta haɗo da tata tabarmar, suka shiga tare, suka kwana ciki har gari ya waye.

Har yau kusurwar nan ba ta ɗumi, ko rana ta kai tsaka. Nan Mai Wanki ta ajiye randarta, kuma duk gidan wurinta suke zuwa shan ruwan sanyi.